Kwalin kaset ɗin hardcore da thrash na marigayi kawuna, wa ya san kansu?

Dan_Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah akwai wanda ya san kan wannan kiɗan na turawa da ake cewa hardcore punk da thrash metal, musamman tsofaffin kaset ɗinsu na da? Kawuna ne ƙanin mahaifiyarmu Allah ya yi masa rasuwa bara, ya yi karatu a Birmingham ta ƙasar Ingila a shekarun 1980, to da aka zo fitar da kayan ɗakinsa sai aka ci karo da wani kwali a saman wadirob cike da kaset-kaset, har an ware shi za a ba 'yan gwangwan nace a'a a bar min.

Yawancinsu kaset ɗin TDK ne irin wanda ake saya babu komai a kai mutum ya ɗauki abinsa, an rubuta sunaye da biro, wani rubutun na gane hannun kawu ne wani kuma ba nasa bane. Akwai Discharge, akwai Siege an rubuta Drop Dead a gefe, akwai Napalm Death, Sepultura, sai wani da aka rubuta Metallica No Life 'til Leather. Guda ɗaya ne naga alamar na kamfani ne, bangonsa ruwan ɗorawa da zanen tsawa ta faɗo a kan wani gini mai ƙubba, Bad Brains aka rubuta. Sai ƙananan faifan garmaho guda biyu, da wasiƙu a ambulan masu kan sarkin Barazil da Finlan da Amurka, da wasu takardun fotokwafi da aka jera sunaye reras har ƙasa.

Na ari tsohuwar rediyon maƙwabcinmu na saka ɗaya, wlh gudu ne kawai da ihu ban tsinci kalma ko ɗaya ba, kafin minti biyu kuma rediyon ta fara cin zaren sai na kashe da sauri. Amma gsky akwai wani abu a ciki da ya ja hankalina, musamman gangar. Wani abokina yace irin waɗannan ana sayar da su dubban daloli a intanet. Shin da gaske ne? Kuma ya zan gane orijina da kwafi, sannan ya zan yi in kwashe sautin kafin su lalace?

MaiGarmaho:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawu ya kai haske kabarinsa. Kafin komai ɗana, kar ka ƙara saka ko ɗaya a wannan rediyon, ka bari tukuna.

Na daɗe ina bin harkar tsofaffin faya-fayai kuma daga bayaninka na gane abin da ke hannunka. Kawunka ɗan musayar kaset ne. A farkon shekarun 1980 waɗannan yaran babu gidan rediyon da zai saka su, manyan kamfanoni kuma ko kallonsu basa yi, sai su tara 'yan kuɗinsu su shiga ƙaramin sitidiyo ko ma ɗakin da suke atisaye su ɗauki waƙa biyar ko bakwai, shi ake kira demo, su kwafa a kaset su riƙa rabawa. Akwai ƙananan mujallu da masoya ke bugawa da kansu, babba a ciki ita ce Maximum Rocknroll ta San Francisco da ta fara fita a 1982, a cikinsu ake buga adireshin mutane. Kai sai ka rubuta jerin duk abin da kake da shi ka tura ta gidan waya, wancan ya turo maka nasa, kowa ya zaɓi abin da yake so, ka cika masa kaset mai minti 90 shima ya cika maka. Waɗannan takardun fotokwafin da ka gani masu sunaye reras, su ne jerin. Kar ka yar da su. Kuma ka ɗaga kan sarkin da ke jikin ambulan ɗin a haske, in kaga yana ƙyalli to gam aka shafa masa, dabara ce da suke yi saboda tambarin gidan waya ya zauna a kan gam ɗin, a wanke a sake amfani da shi, don yawancinsu 'yan makaranta ne da marasa aiki.

Wancan na Metallica, demo ne mai waƙa bakwai da suka ɗauka a 1982, lokacin Dave Mustaine yana tare da su kafin a sallame shi ya je ya kafa Megadeth. Ta hanyar musayar nan ya zaga duniya har ya isa hannun Jon Zazula, wani mai sayar da faifai a wata kasuwa a New Jersey, shi ya kira su ya kafa kamfanin Megaforce ya fitar musu da faifansu na farko Kill 'Em All a 1983. Kaga kaset ne ya buɗe musu ƙofa.

Amma ni wanda ya fi burge ni a kwalin nan shi ne Siege. Yara ne daga Weymouth a jihar Massachusetts, sun ɗauki Drop Dead a 1984, waƙa shida, ba su daɗe ba suka watse, a garinsu ma ba kowa ya san da su ba. Sai kaset ɗin ya tsallaka teku ya faɗa hannun yaran yankin Birmingham, cikinsu har da 'yan Napalm Death, su da bakinsu suna faɗin cewa Siege na cikin waɗanda suka koya musu wannan gudun. Napalm Death sun yi ta wasa a wani waje da ake kira Mermaid a nan Birmingham kafin faifansu na farko Scum ya fito a 1987 mai gabatar da kiɗa John Peel ya riƙa saka su a rediyon BBC. To kawunka yana garin a daidai lokacin da abin ke tafasa, shi yasa ka ga Siege da Napalm Death a kwali ɗaya. Discharge kuma 'yan Stoke-on-Trent ne, ba nisa sosai, waƙoƙinsu kusan duk a kan yaƙi da makamin nukiliya ne, kuma wannan gangar da kace ta ja hankalinka ina kyautata zaton tasu ce, don har suna aka yi mata da harafin farko na sunansu, D-beat, daga Suwidin har Japan har Barazil aka yi ta kwaikwayonta. Wasiƙun Finlan da Barazil ma ba abin mamaki bane, 'yan punk ɗin Sao Paulo sun haukace a kan ƙungiyoyin Finlan irinsu Rattus da Terveet Kädet alhali basa jin yarensu ko kaɗan. Sepultura kuma daga Belo Horizonte suke, faifansu na farko da kamfanin Cogumelo ya buga a 1985 raba shi suka yi da wata ƙungiya Overdose, kowa gefe ɗaya.

Yanzu maganar kuɗi. Zan faɗa maka gaskiya don kar ka sa rai, kaset ɗin da aka kwafa a gida aka rubuta da biro ba ya kuɗi, ko da abin da ke ciki mai wuyar samu ne. Masu saye abin da suke nema shi ne wanda ya fito daga hannun ƙungiyar da kanta, da bangonsa da adireshinsu a jiki. Abin da abokinka ya ji gaskiya ne amma a kan tsiraru. Misali akwai wani faifan ƙungiyar Judge ta New York na 1989, sun ɗauka a sitidiyon Chung King basu ji daɗin sautin ba suka sake ɗauka a wani wurin, sai kamfanin Revelation ya buga guda 110 kacal na farkon don waɗanda suka riga suka biya kuɗi, a 2015 an sayar da ɗaya sama da dala 6,000 a Discogs, shafin intanet na cinikin faya-fayai da ke jera bayanin kowane bugu. Irin wannan labarin shi ke yawo har mutane su zaci duk tsohon kaset dukiya ne. A kwalinka Bad Brains ɗin nan da faya-fayan biyu su ne za a duba. Ka kalli faifan kusa da tsakiya inda layin waƙa ya ƙare, za ka ga wasu lambobi da haruffa da aka karta, su za ka kwatanta da abin da ke Discogs ka san bugu na nawa ne.

Sai dai darajar ta biron tana wani wurin. In a ciki akwai wanda aka rubuta kwanan wata da sunan wuri, to wasan kai tsaye ne wani ya ɗauka da ƙaramar rikoda a aljihu, kuma irin wannan yana iya zama shi kaɗai ya rage.

Maman_Sadiq:

Allah ya gafarta masa. Ni ban san komai a kiɗan nan ba sai ɗan abin da nake gani, kuma ba zan ɓoye maka ba hankalina bai kwanta da shi ba, hotunan ƙoƙon kai da ƙaho da jini, wasu ma naji ance sunan shaiɗan suke kira ƙarara. Ƙanena ka bincika me ake faɗa a ciki kafin ka zauna kana sauraro, abin da kunne ya saba ji zuciya tana ɗauka.

Abu na biyu kuma shi ya fi damuna. Kace kawunka ne ƙanin mama, in yana da mata da 'ya'ya to kayan nan na magada ne. Lokacin da aka ce ka ɗauka an ɗauka shara ce. Yanzu tunda ana maganar ƙila akwai mai kuɗi a ciki, ka koma ka faɗa musu, in sun ce sun bar maka duk da haka shikenan ka ci halal, in akwai ƙananan yara a cikin magadan kuwa sai an yi hattara sosai don babu mai ikon yafe rabon maraya. Kar ka bari ɗan abin duniya ya sa ka ɗauki nauyi.

Injiniya_SabonGari:

Maman Sadiq ta faɗi gaskiya akan magada. Nidai ɓangaren gyara zan yi magana tunda shi na sani, na yi shekaru a gyaran rediyo da rikoda kafin waya ta zo ta kwashe kasuwar.

Dalilin da yasa rediyon ta ci zaren, 'yar tayar robar nan da ke matse zare a jikin ƙarfe ce ta bushe ko ta yi danƙo, ko bel ya saki ya daina juya gefen da ke naɗewa. Duk tsohuwar rediyo haka take. Ka nemi dek mai kyau irin na sitiriyo, ka kai wa mai gyara ya canza bel ya goge hed da sifirit da auduga, sannan ka fara gwadawa da wani kaset da baka damu da shi ba, wa'azi ne ko waƙa ce wanda kasan akwai shi a ko'ina, in ya yi gaba da baya lafiya sannan ka saka na kawu.

Kowanne kaset kafin ka kunna ka leƙa ta ƙasa inda zaren ke wucewa, akwai wani ɗan soso ƙarami a kan siririn ƙarfe, shi ke danna zare a jikin hed, da yawa gam ɗinsa ya bushe ya faɗi kuma in babu shi sauti zai fito a dushe ko ya riƙa rawa, ana cirowa daga wani kaset a manna. Ka leƙa ta tagar tsakiya ma, in kaga fari-fari a jikin naɗin to fumfuna ce, ware shi gefe kar ya shafa wa dek ɗin ya shafa wa sauran. Wanda ya yi tauri kar ka tilasta wa inji, saka biro a ramin ka juya a hankali har ya saki, sannan ka tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi baya sau ɗaya. Wanda rediyo ta tauna ma bai mutu ba, buɗe sukurorin ka miƙar da zaren da hannu mai tsabta, wurin zai ɗan yi ƙara amma sauran lafiya lau.

Wani abu da mutane basu sani ba, akwai ƙaramin sukuru a gefen hed da ke saita karkatarsa. Kaset ɗin nan kowanne a injin mutum daban aka ɗauke shi, wani a Barazil wani a Finlan, so saitin ba zai zo ɗaya ba. Kana kunnawa kana juya sukurun kaɗan kaɗan da siririyar sukudireba har kaji ƙarar faranti ɗin gangar ta fito tas, nan ne daidai. Wlh sau da yawa kaset ɗin da aka ce ya mutu wannan ne kawai matsalarsa. Amma ka sani akwai dushewar da ba ta gyaruwa, duk kwafin da aka yi daga kwafi sai siririn sauti ya ragu shuuu ɗin ya ƙaru, kuma irin waɗannan wani ya bi hannu biyar ko shida kafin ya iso wajen kawunka, wani ma za ka ji ya fi asalin gudu saboda injin wani a hanya yana sauri.

Ɗauka zuwa kwamfuta ba wuya. Waya daga bayan dek zuwa kwamfuta, in lafto ce gara ka sayi ɗan akwatin sauti na USB don ramin makirfo yana ɓata sauti. Manhajar Audacity kyauta ce. Ka ajiye a WAV ko FLAC, banda MP3, kuma kar ka ce za ka wanke shuuu ɗin a kan na asali, ajiye shi yadda ya fito in kana so ka yi wani kwafin daban ka wanke. A haɗa da inbata ko a tabbatar da caji don ɗauke wuta a tsakiyar kaset yana iya jan zare. Ka ɗauki hoton kowane bango gaba da baya ka sa wa fayil ɗin suna ɗaya da shi.

Sannan a sauke kwalin daga saman wadirob yau ɗin nan. Kusa da rufi nan ne zafi ya fi taruwa, ballantana watan Afrilu a Kano. Faifan garmaho a tsaye ake ajiye shi kar a kwantar a ɗora masa kaya, in ya lanƙwashe ya tafi kenan. Kaset kuma nesa da sifika saboda maganaɗisu, a cikin abu mai murfi saboda ƙurar hunturu.

Ba_Damagarame:

Salamu alaikum, ina gaida kowa. Allah shi jiƙan mamaci. Hajiya Maman Sadiq ina so in ɗan yi miki bayani cikin ladabi, don damuwarki tana da tushe amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Gaskiya ne a ɓangaren metal akwai masu wasa da sunan shaiɗan da hotunan banza, Slayer na ciki, Sepultura ma a farkonsu haka suka yi suna yara kafin su koma maganar talauci da zaluncin 'yan sanda, ni kaina waɗannan bana saurare. Amma hardcore na farko yawanci kukan matasa ne a kan yaƙi da wariya da rashin aiki. A Washinton akwai Minor Threat, waƙarsu Straight Edge ta 1981 ita ta haifar da tafiyar matasan da suka ce ba giya ba ƙwaya ba taba, har alamar X suke zanawa a bayan hannu, asalinta alamar da ake yi wa yaran da basu kai shekarun shan giya ba a wuraren wasa. Judge ɗin da Malam MaiGarmaho ya ambata ma 'yan wannan tafiyar ne.

Kuma ɗan uwa mai tambaya, ka ce kiɗan turawa. Wannan mai ruwan ɗorawa da ke hannunka, Bad Brains, baƙaƙen fata ne su huɗu daga Washinton, ginin da tsawa ta faɗa wa majalisar dokokin Amurka ce. Da jazz suka fara, shi yasa hannunsu ya fi na kowa, za su yi gudun da baka iya bi sannan nan take su sauka su yi reggae mai sanyi don 'yan Rasta ne. Kamfanin ROIR na New York ya fitar da shi a 1982 kuma a kaset kaɗai, lokacin kamfanin ba ya buga faifai. Ian MacKaye na Minor Threat da Henry Rollins da ya shiga Black Flag duk a gabansu suka tsaya suna kallo suna koyo. Ka fara sauraro daga nan.

Kafin su ma akwai wasu 'yan uwa uku a Detroit, 'yan gidan Hackney, David da Bobby da Dannis, sun sa wa ƙungiyarsu suna Death, sun yi ɗauka a 1975 kamfanoni suka guje su saboda sunan, David yaƙi canzawa, sai suka buga ƙaramin faifai guda 500 da kuɗinsu a 1976. Zaren ɗaukar ya zauna a ajiye a gidan Bobby fiye da shekara talatin, David ya rasu a 2000 bai ga komai ba, sai a 2009 kamfanin Drag City ya fitar da shi duniya ta ji. Da an zubar da wannan zaren fa? A Afirka ta Kudu kuma akwai National Wake da aka kafa a 1978, Gary da Punka Khoza daga Soweto tare da Ivan Kadey farar fata, a zamanin da zamansu wuri ɗaya ma laifi ne. Faifansu na 1981 kusan 700 aka sayar aka janye shi saboda matsin gwamnati, sai 2013 aka sake fitar da waƙoƙin.

Abin da ya sa nake jin labarin musayar kaset a jikina shi ne mu nan Nijar mun ga irinsa da idonmu, sai dai da salula ne. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, a Sakkwato ya je ya ɗauki kundin waƙoƙinsa Anar a 2008, babu kamfanin da ya fitar da shi, daga salula zuwa salula ya riƙa tafiya ta bulutut da katin memori, tamkar yadda kake zuwa wajen masu turi a kasuwa ka ba da waya a cika maka ba ka san wa ya fara kawo waƙar ba. Haka ta kai har Mali, wani Ba'amurke Christopher Kirkley ya ji ta ya saka a tarin Music from Saharan Cellphones na kamfaninsa Sahel Sounds, kuma abin da na yaba masa ya bi sawu ya nemo masu waƙoƙin aka biya su. Yau Mdou yana zaga duniya, mai kaɗa masa bes ma Mikey Coltun a cikin 'yan punk na Washinton ya taso.

Dan_Gwammaja:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu bayani haka ba. Anti Maman Sadiq na je wajen matar kawu jiya na faɗa mata komai, yaran duk sun girma, tace in riƙe in yi aikin kwashewar, in an samu mai kuɗi a ciki sai a zauna da su a yi magana. Na sauke kwalin, na ware guda uku masu fumfuna.

Baba MaiGarmaho na duba faya-fayan. Ɗaya Discharge ne, Realities of War, an rubuta Clay a tsakiya, bangon hoton bayan rigar fata ce mai ƙusoshi. Ɗayan kuma siriri ne sosai har lanƙwasuwa yake, gefe ɗaya kawai ke da layi, rubutun inaga na Japan ne ban iya karantawa ba. Kuma eh akwai kaset huɗu masu kwanan wata na 1986 an rubuta Mermaid. Kan sarkin ma wasu suna ƙyalli kamar yadda ka faɗa! Yanzu tambayata in na kwashe su zan iya zubawa a YouTube ko akwai matsala?

MaiGarmaho:

Madalla, Allah ya yi maka albarka da ka je wajen iyalinsa.

Realities of War shi ne faifan Discharge na farko, 1980, kuma da shi kamfanin Clay ya buɗe. Abu ne mai tarihi amma an sake buga shi ba sau ɗaya ba don haka sai lambobin tsakiyar nan sun nuna. Siririn kuma flexi ake ce masa, roba ce mai araha da ƙananan ƙungiyoyin Japan suka yi amfani da ita sosai a shekarun 1980 saboda ta fi faifai sauƙin bugawa da turawa a ambulan, ba ya jure yawan kunnawa shi yasa masu lafiya suka yi ƙaranci, wasunsu suna tsada sosai. Kar ka kunna shi, saka shi tsakanin kwali biyu masu tauri. Kuma a kayan Japan ne jabu ya fi yawa, faifan Detestation na ƙungiyar G.I.S.M. na 1983 an yi shekaru ana buga na bogi kafin kamfanin Relapse su sake fitar da shi da izini a 2020, don haka duk wanda ya yi maka tayi da gaggawa ta inbox kar ka saurare shi sai an gane ko na waye.

Maganar YouTube, ra'ayina kashi biyu ne. Wanda ke kasuwa yanzu kamar Bad Brains da Discharge da Drop Dead, bar shi, masu shi ko iyalansu suna cin abinci da shi kuma yana nan da sauti mai kyau fiye da naka. Metallica ma kar ka taɓa, su da suka kai Napster, manhajar musayar waƙoƙi a intanet, kotu a 2000, kuma sun sake buga wannan demo ɗin a kaset a 2015. Amma huɗun nan na Mermaid daban ne. Ni bana tare da masu tara kaya da ke ɓoye irin wannan a akwati suna alfahari su kaɗai ke da shi, an ɗauke shi ne tun farko don ya bi hannu. Dubi Dischord, kamfanin da Ian MacKaye da Jeff Nelson suka kafa a 1980 suna yanka bangon faifai da almakashi suna mannawa da hannu, daga baya suka kwashe ɗaruruwan wasannin Fugazi, ƙungiyar da MacKaye ya kafa daga baya, suka zuba a intanet don kowa ya samu. Abin da ya dace shi ne ka fara saurara ka gane wace ƙungiya ce a kowanne, da yawa daga mutanen nan suna raye suna Facebook da Instagram, ka tura musu kwafi ka nemi izini, in sun amince ka saka ba tare da ka kunna talla a kai ba, ka rubuta kwanan wata da wurin yadda kawu ya rubuta.

Ka turo mana hoton flexi ɗin gaba da baya, da bangon huɗun nan na 1986, da jerin da ya zo daga Finlan, amma ka rufe sunaye da adireshin mutane kafin ka ɗora. Injiniya, in akwai wanda ka sani a Sabon Gari da har yanzu ake samun bel ɗin dek a wajensa ka yi masa kwatance ta inbox.